Laifin Inna Mai Makulli

Shekara ashirin da biyu Inna Mai Makulli ta yi tana riƙe da makullin sito a makarantar ƙananan yara ta bayan kasuwa, ko alli guda bai taɓa ɓata a hannunta ba. A gida ma haka take. Kujerun falonta har yau suna cikin ledar da aka sayo su da ita, maigidanta, tsohon direba, a tabarma yake zama yana kallonsu.

Bara wata ƙungiya ta ba makarantar ɗan tallafi, a sayi kayan wasa, a riƙa tara iyaye ranar Asabar ana nuna musu cewa ɗan shekara huɗu da wasa yake koyo. Aka kawo 'yan tsana da ƙananan motoci da tubalan katako masu launi. Inna ta jera su a kabad mai gilashi ta kulle. Duk Asabar shugabar makarantar takan yi wa iyaye jawabi a kan amfanin wasa, yara na zaune hannu harɗe suna kallon gilashi.

Bayan wata shida jami'ar ƙungiyar ta zo duba aiki. Inna ta buɗe kabad tana murmushi.

"Inna, ba a taɓa su ba ke nan?" in ji jami'a.

"Ko da ɗan yatsa, 'yata. Ni ce nan."

Jami'a ta nemi kujera ta zauna. Da numfashinta ya dawo, ta ce za ta sake zuwa bayan sati biyu. In ta tarar da kayan sababbi, za ta kwashe su zuwa wata makarantar, tallafi ya ƙare. Shugaba ta ƙara da cewa in haka ta faru, Inna ta ajiye makulli.

Inna ta yi salati. Tunda take, ba ta taɓa jin an kama mutum da laifin rashin ɓarna ba.

Ta ɗebi tubala a jaka ta tafi gida, ta zauna tana goga su a siminti.

"Uwargida, lafiya?" in ji maigidan.

"Tsufa nake sa musu."

Ya ɗauki ɗaya ya juya. "Tayar da titi ya cinye daban take da wadda aka kankare. Ni ma da ban yi boko ba na gane, balle jami'ar nan taku. Af, in kin gama ga kujeru nan, su ma suna jira."

Ranar Asabar, a gaban iyaye, ta buɗe kabad ta kau da kai. Abin da ya biyo baya, har yau in tana ba da labari sai ta dafe ƙirji. Kafin rabin awa an ciji mota, an yi wa 'yar tsana wanka a bokitin shara. Wani uba, magini, ya miƙe yana faɗa, shi karatu ya kawo 'yarsa ba shirme ba. Sai ya hango gadar da yarinyar ke ginawa.

"Ke, wa ya ce miki ana ɗora babba a kan ƙarami?"

Ya durƙusa ya gyara mata. Ta rushe, ta sake nata. Sai da matarsa ta kira shi sau uku kafin ya tashi.

Da jami'a ta dawo, ta ga shatin haƙora, ta ga 'yar tsana ba hannu ɗaya, ta rungume Inna.

"Kin yi aiki, Inna!"

Inna ta tsaya baki buɗe. Shekara ashirin da biyu tana tsare kaya ba wanda ya ce sannu, yau an lalata su a gabanta ana yi mata barka.

Tallafi ya ci gaba, makulli ma yana wuyanta, ko da yake kabad a buɗe yake wuni. Hannun 'yar tsanar kuwa yana ƙulle a hankici cikin jakarta. Duk wanda ya ce ya ɓata, sai ta kwance ta nuna masa.