Maɓallin da ya ja mini sunan ɓarawo

Ɗan kawuna ya kira ni ɓarawon iri a gaban manoman shinkafa na Bagudo, kuma ban saci ko ƙwaya ɗaya ba.

Tare muka shiga firamare. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare na koma fadama, shi ya wuce jami'a ya dawo da kwamfuta a jaka. Da ƙungiyarmu ta samu irin shinkafa na noman rani, shi ya yi mana shafin da kowa zai sa sunansa ta waya, buhu ɗaya ga mutum ɗaya.

Gonata tana wajen Illo. Can waya ba ta da tsayayyen sabis, yanzu tana kan namu na gida, an jima ta kama na ƙasar Benin. Na hau tudu, na rubuta sunana, na danna koren maɓallin da aka rubuta wa "Aika". Shiru. Bai canza launi ba, bai ce komai ba. Ni na san idan na tura wa ɗiyata hoto, wani ɗan zobe yakan yi ta juyawa, in san abin yana hanya, in jira. Wannan ko motsi bai yi ba. Sai na sake dannawa. Na goge yatsa a riga na sake. Ban ƙirga ba.

Ashe duk dannawar ta shiga, kowace ta sake rubuta sunana.

Ranar rabo ɗan kawun nawa ya miƙe da kwamfutarsa yana murmushi. Ya ce, "Jama'a, ga taubashina nan, shi ɗaya ya zama gari guda. Ɓarawon iri, buhu nawa kake so?"

Aka fashe da dariya. Shugaban ƙungiya bai yi dariya ba, ya ce a cire ni daga rabon. Na ce maɓallin ne bai amsa ba. Ɗan kawuna ya ce, "Da ka ƙare makaranta da ya amsa maka."

Sai a Kamba na samo iri, na shuka a makare. Sunan kuma ya zauna. A kasuwar Illo masu awo suna ganina sai su dafa bakin buhu, wai wasa.

Da wani ranin ya zagayo na sake buɗe shafin. Na danna sau ɗaya. Maɓallin ya dushe, ɗan zobe ya fito yana juyawa, ga rubutu a ƙasa: "Dakata, ana aikawa." Na gwada sake dannawa, ya ƙi. Da ya gama ya ce an karɓa. Na daɗe zaune kan tudun ina kallonsa. Wato ɗan kawuna ya san inda ɓarnar take, ya gyara a ɓoye, bai faɗa wa kowa ba.

Na same shi ƙofar gidan kawu yana shan fura da abokansa. Na nuna masa wayar.

Ya ce, "Haba taubashi, har yanzu? Ai wasa ne tsakaninmu."

Na ce, "Wasan taubasai a tsakar gida ake yi, ana raha a tashi. Kai a gaban shugaba ka yi naka, aka hana ni iri. Wanga zobe da ka sa, don wa ka sa shi? Ka koya wa maɓallinka cewa dakata, kai ba ka dakata ka tambaye ni ba. Ranar rabo ka miƙe inda ka miƙe bara, ka ce aikinka ne bai ƙare ba, ni ban saci komai ba. Kafin nan kada ka sake ce mini taubashi."