Kapembwa, Lamba Shidan Mpatamatu

Duk wanda ya sayi murhun gawayi a kasuwar Mpatamatu ta garin Luanshya cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya in ba daga hannun Kapembwa Sichone ya fito ba. Mai walda ne, gajere mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon tartsatsin wuta. Amma in aka tambaye shi sana'arsa, kafin ya ambaci walda sai ya fara cewa shi lamba shida ne.

Ba da son ransa ya karɓi lambar ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa, wadda wani tsohon ma'aikacin ramin jan ƙarfe, Baba Nsofwa, yake horarwa. Burinsa lamba tara, ya tsaya gaba ya riƙa girgiza raga. Sati uku tsohon yana kallonsa, ran nan ya kira shi gefe.

"Kapembwa, gudunka irin na mai ɗauke da buhun masara ne. Ba za ka yi ɗan gaba ba."

"Baba, ai jiya na ci biyu."

"A atisaye, gola yana cin rake. Amma na lura da kai, kafin ƙwallo ta zo ka riga ka waiga sau biyu. Sauran sai ta buge su suke tunani."

Tsohon ya tsuguna, ya tsinto marafan kwalba ya jera a ƙasa: huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba. Ya ja na tsakiyar ukun da ke tsakiya baya kaɗan, ya danna shi da yatsa.

"Kai ke nan. Ka tsaya gaban 'yan baya. In lamba biyu ya hau gaba, ka toshe gurbinsa. In ka ƙwace ƙwallo, ka miƙa wa wanda ya fi ka iya ta. Kada ka riƙe ta kamar matarka."

Kapembwa ya yi fushi, ya ƙaurace wa fili har kwana goma. Da ya ga ba wanda ya zo biko, ya ɗauki takalminsa ya koma da kansa.

Sannu a hankali aikin ya shiga ransa. Ya gane daga inda yake tsaye yana ganin filin gaba ɗaya, ya san wanda ya gaji, ya san wanda zai yi kuskure tun bai yi ba. Shekara goma sha bakwai ya yi a wurin nan, ƙwallo uku kacal ya ci, ɗaya ma a ragarsu ta faɗa. Namwinga, wadda ya aura daga baya, ta ce kakar wasa guda ta yi tana zuwa kallonsa, ba ta taɓa ganin ƙwallo ta yi daƙiƙa uku a ƙafarsa ba, har ta ɗauka taimakon alƙalin wasa yake yi.

Wasan da har yau ake maganarsa a Mpatamatu shi ne na kusa da na ƙarshe a kofin gunduma. Sun haɗu da ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda ke da wani lamba goma mai suna Masauso Jere, siriri mai ƙafar hagu, wanda ya yi wa ƙungiyoyi da dama wulaƙanci. Masauso ɗan ƙabilar Ngoni ne daga gabas, Kapembwa kuwa a cikin ƙabilar Bemba ya tashi, kuma tsakanin ƙabilun nan biyu akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni. Tun ana gaisawa aka fara.

"Mai cin ɓera, ka karya kuwa?" in ji Kapembwa.

"Na karya, mai cin biri. Yau sai ka nemi ƙugunka a ƙasa."

Umarnin Baba Nsofwa ɗaya ne: duk inda Masauso ya sa ƙafa, Kapembwa ya bi shi. Ya kuwa bi. Masauso ya ja shi gefen dama, ya ja shi gefen hagu, har kusa da tutar kwana, yana ta yi masa hira. Minti ashirin da farawa, Kapembwa yana can gefe yana gadin mutumin da ko ƙwallo ba ya nema, lamba takwas na 'yan jirgin ƙasa ya ratso ta tsakiyar da aka bari wayam, ya ɗirka ta a raga.

A hutun rabin lokaci 'yan wasa suka zube ƙarƙashin bishiyar mangwaro suna shan ruwa. Kapembwa, wanda tun komawarsa fili bai taɓa musu da koci ba, ya durƙusa gabansa.

"Baba, a yi mini haƙuri, ba zan ƙara bin mutumin nan ba."

"Me ka ce?"

"Ba ƙwallo yake so ba, ni yake so. Yana fitar da ni daga gida ne abokinsa ya shigo. Ka bar ni in tsaya wurina. In ya tafi gefe, lamba biyu ko lamba uku su karɓe shi. In ya gaji da zaman gefe zai dawo tsakiya, zai same ni."

Tsohon ya sosa gemu. Can ya juya ga 'yan gefen gaba biyu ya ce su sauko su haɗu da 'yan tsakiya su zama biyar, a bar lamba tara shi kaɗai a sama.

"In muka sha kashi," ya ce da Kapembwa, "kai za ka wanke rigunan nan har Kirsimeti."

Aka dawo. Masauso ya nufi gefe yana waige, ya ga ba mai binsa.

"Taubashi, ka gaji ne? Taho mana!"

"Je ka, ka gaida mutanen gefe. Ina nan ina jiran ka."

Minti goma Masauso ya yi a bakin layi ƙwallo ba ta isa gare shi ba, don duk hanyar da za ta bi Kapembwa na tsaye a kai. Da ya dawo tsakiya ya tarar da cunkoso, ko juyawa babu wuri. Sau biyu Kapembwa ya zare ƙwallo daga ƙafarsa ba tare da ya taɓa shi ba. Ta farko ya miƙa wa ɗan gefen dama, aka kwaso ta, lamba tara ya sa kai. Ta biyu ta jawo kwana, daga kwanar aka ci. Biyu da ɗaya aka tashi.

Jama'a suka cika fili, suka ɗaga lamba tara sama suna waƙa har bakin kasuwa. Kapembwa ya zauna a ciyawa yana kwance igiyar takalmi, ba wanda ya kula shi, kuma hakan bai dame shi ba. Sai ga Masauso ya zo ya zauna kusa da shi.

"Waɗancan ba su san wanda ya ci wasan nan ba. Ni na sani."

"To kada ka faɗa musu, nauyi gare ni, sai su yar da ni."

Kapembwa ya ja shi gida cin tuwon masara da miyar ƙananan kifi. Ƙanwarsa Chileshe ce ta kawo ruwan wanke hannu. Masauso ya wanke hannu ya sake wankewa. Bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure. Kofin kuwa bai zo Mpatamatu ba, a wasan ƙarshe an lallasa su uku da nema.

Yanzu Kapembwa ya ba hamsin baya. Gwiwarsa ta dama takan kumbura in damina ta kama, kuma Namwinga ta daina yi masa faɗa a kai, sai dai ta ɗora ruwan zafi. Ran Lahadi in an taso daga coci, dattawan unguwa sukan buga nasu wasan, minti ashirin da biyar kowane rabi. Shi da Masauso ƙungiya ɗaya suke, duk sun yi tumbi. Kapembwa ba ya fita daga da'irar tsakiya, daga nan yake nuna wa kowa wurinsa da hannu.

A Lahadin da ta wuce ya ƙwace ƙwallo ya gangarar wa surukinsa da ita daidai ƙafar hagu, gola ya riga ya faɗi. Masauso ya ɗaga ta sama, ta faɗa gonar rogon wata tsohuwa a bayan fili.

"Ciyawa ce ta tare ni!" in ji Masauso.

"Tuwon ƙanwata ne ya tare ka. Je ka ɗauko, kuma ka ba matar nan haƙuri."

Masauso ya tafi yana ɗingishin ƙarya. Sauran dattawa suka samu dalilin zama, Kapembwa ma ya zauna cikinsu ya miƙe ƙafa yana dariya.