Makewayin Gidan Kawu

Da hantsi ne. Na gama yunƙuri a makewayi, na zuba ruwan buta, sai na ga yana gangarowa jawur. Ba lokacin al'adata ba ne, kuma ba ta nan jinin ya fito ba. Na kai hannu baya na taɓa wani tsiro kamar ƙwayar gyaɗa. A waje wata tana dukan ƙyauren langa-langa, wai in yi sauri.

Wata huɗu ke nan da muka gudo daga Kurya Madaro saboda 'yan bindiga, muka sauka gidan kawuna a Kaura Namoda. Mu da wasu dangi da iyalinsa, duk makewayi ɗaya, shi ma a jikin zaure inda kawu da abokansa suke yini kan tabarma. Ko tari ka yi a ciki sun ji. Budurwa ba ta ɗaukar buta ta wuce ta gaban maza. Ba wanda ya gaya mini haka da baki, kallo kawai ake yi. Sai na koyi riƙewa, kwana uku, kwana huɗu. Na rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa mini. Abincinmu ya koma garin kwaki da burodi, zogalenmu da ramarmu suna can ƙauye. Ranar da na samu shiga kuwa, sai in daɗe a tsugune ina yunƙuri, haƙora a cije don kada a ji nishina.

Ba jinin kaɗai ya firgita ni ba. Gwaggona, ƙanwar babana, haka ta fara. Kowa ya ce basir ne. Ta sha jiƙo iri-iri tana ramewa, har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Da aka kai ta Gusau aka ce ciwon dajin hanji ne, an makara. Ni nake wanke mata zannuwa, na san launin abin da ke jikinsu.

Sati biyu ina ɓoyewa. Ko cikin sujada lissafi nake yi, wata nawa Gwaggo ta yi kafin ta rasu. Ranar da na kasa, na sami mahaifiyata tana tsince shinkafa.

"Inna, jini nake gani in na zagaya."

"Rage murya, kawunki na zaure."

Abin da ta fara faɗa ke nan. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

"Basir ne, ɗiyata," ta ce. "Wa ya rasa shi?"

Ranar kasuwa ta kawo mini kwalba daga wurin mai maganin nan da ke ɗaure lasifika kan mota. Mutumin da ke kiran sunan kowace gaɓa ta jikin mace a tsakiyar kasuwa, maza suna dariya, ba mai jin kunya. Ni kuwa a ɗakin uwata sai na rage murya. Na sha maganin. Kwana biyu ina zawo, ina wuce zauren nan sau bakwai, sau takwas, jinin ya ƙaru.

"Haka anka ce ma Gwaggo, Inna."

"Ke, bar kira muna mutuwa."

"Asibiti za ni."

"Ki tahi ki buɗe ma wani ƙato jikinki? Ko aure ba ki yi ba."

"Ko wa na iske, buɗewa zan yi."

Na zura hijabi na fita. Sai da na kai bakin titi na ji takunta a bayana. Tare muka isa asibitin.

Mace muka samu, wata malamar asibiti mai furfura a goshi. Ta tambaye ni launin jinin, ja ne ko baƙi, a gauraye yake da bayan gida ko daga baya yake ɗiga, ko ina ramewa, kwana nawa nake yi ban zagaya ba. Na ba ta labarin Gwaggo ina kuka. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta ja labule, ta sa safar hannu, ta duba ni waje da ciki.

"Ƙanwata, basir ne, kuma na ga wurin da ke jinin. Jijiyoyi ne suka kumbura saboda yunƙuri. Ki yar da kwalbar nan. Ki sha ruwa sosai, ki ci ganye da wake. In ya matsa ki, ki tashi ki je, ko garin duka na zaure, kuma kar ki daɗe a tsugune. Ki riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Ga maganin shafawa, ga mai tausasa bayan gida. In jinin bai tsaya ba, ko ya koma baƙi, ko kin ga kina ramewa, ki dawo a yi bincike mai zurfi."

"Malama, ba irin na Gwaggo ba ne?"

"Ban ga alamarsa ba. Kin yi daidai da kika zo, jini ba a yi masa hasashe."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake.

Inna ta gyara zama kan benci. "Ai na hwaɗa miki basir ne."

"Ke ba ki duba ba, Inna," na ce. "Ita ta duba."