Ranar da Na Miƙa wa Mai Aman Jini Ɗiyata

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Malam Ango daga Garhanga bisa raƙumi ba. Damina ce, bayan ƙarewar yaƙin Turawa, ina wanki da ɗibar ruwa a gidan likita na Madawa, da Hajo goye a bayana.

Ƙato ne jajir, amma in ya yi tari sai jini ya cika ƙwarya, ja wur, da kumfa. Anfirme, wato mataimakin lokotoro, babban likitanmu, ya kwantar da shi bisa haƙarƙarin hagu, inda jinin ke fitowa, don kada ya malale cikin huhu mai lafiya.

"Uwar Hajo, riƙe kafaɗarshi!"

"Da goyo? In tarin fuka ne fa?"

"Riƙe dai, yarinya!"

Na riƙe, ina kau da kai. Ruwa na sauka bisa rufi, komai ya yi nisa kamar cikin mafarki. Numfashin Hajo kawai nike ji a wuyana. Tun ranar, ko atishawa ta yi sai in sauke ta in duba bakinta ko da jini.

Lokotoro ya yi ta duba majinarsa a madubin likita. Daga baya ya zauna gefen tabarma, ya ce: "Malam, ban ga ƙwayar fuka ba. Zatona halitta ce, da ita aka haife ka. Wani yanki na huhu ne bai ginu daidai ba, jijiyarshi ke fashewa. Ba mu da aikinta nan, kuma tana iya dawowa. Amma ba ta kama kowa."

Malam Ango ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ya ce tun yana saurayi aka ware masa ƙwarya da ludayi. Ɗiyansa sun girma bai taɓa ɗora ko guda bisa cinya ba.

Sai ya dube ni. "Ɗiyata, ko ki ara mini Hajo kaɗan?"

Na kwance zane, na miƙa masa ita. Hajo ta cafke masa gemu.

"Kai, wagga tsohuwa da ƙarfi take!" Ya yi dariya, hawaye na bin gemun.

Ku da ke shiga aikin ga na gidan likita yanzu, ku ji: akwai ciwon da ya fi ƙarfinmu. Amma ko ba mu tsai da jini ba, muna iya maido mutum akushin gidansu.