Umrar da Na Hana Kakana

Lokacin da nake karatun fiƙihu a Riyad, ni saurayi ne mai zafin kai, na haddace littafi biyu na ɗauka na gama da ilimi. Daga Nijar na zo, kuma akwai abin da nake ɓoyewa. Kakana na wajen uwa ruwa biyu ne, ubansa Bafaranshe, uwarsa Bahaushiya. Ya fara aiki daga akawu har ya kai mataimakin kumandan a mulkin Faransa, ya rasu bai taɓa ganin Ka'aba ba. Mahaifiyata ta roƙe ni in yi masa umra. A raina na ce yaron Nasara bai cancanta ba, a waya kuma na ce mata na yi. Har kuka ta yi tana sa mini albarka.

Wata Juma'a a unguwar Nasiriya na zauna cin shinkafa kusa da wani dattijo, tsohon direba. Ya dubi hasken fatata, ya tambayi garinmu da gidanmu, sai ya ajiye cokali. Ya ce ashe ni jikan Kumandan Mai Buta ne. Haka talakawa ke kiransa, don duk inda ya je rangadi butar alwalarsa na rataye a sirdi. Ya ce a zamanin nan takardar tafiya hajji sai mai uwa a gindin murhu. Kakana kuwa ya sallami tafinta, yana sauraron mutane da Hausa, yana sa musu hannu. Da hannunsa ya ba mahaifin dattijon takarda, suka taho ta Sudan, shi dattijon yana ɗan shekara shida. Manyan kakana suka ce ya cika sakin mutane, suka tura shi can cikin hamada, ba a ƙara masa girma ba har ya bar aiki. Dattijon ya ce bai taɓa ɗawafi ba sai ya ambaci sunan kakana.

Kunya ta kama ni. Na ƙudurta zan yi umrar in an gama jarrabawa, sannan in faɗa wa mahaifiyata gaskiya. Kafin a gama ta rasu.

Na yi umrar daga baya, ina kuka. 'Yan uwa, kada ku yanke wa mamaci hukunci da rigar aikinsa, kuma in uwa ta aike ku, ku je tun tana da rai. Albarkar da mahaifiyata ta sa mini a kan ƙarya ita ce har yau ta fi yi mini nauyi.