Baba Mai Fito, Mai Jiran Fitsarin Dawaki

Duk ranar tsere, kafin 'yan kallo su cika rumfuna, Baba Mai Fito ya riga ya share ɗakinsa. Ɗakin yana can bayan bargogin dawaki, inda ihun jama'a ke isowa kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabta. Zai baza sabuwar ciyawa a ƙasa, ya wanke bokiti, ya jera kwalabe a kan tebur, sannan ya ɗauko sandarsa, wata doguwa mai kofi a baki. Daga nan sai jira. Da an gama gudu, sai a jawo masa dokin da ya zo na ɗaya yana huci. Aikin Baba shi ne ya tari fitsarin dokin, ya liƙe bakin kwalbar a gaban mai shi, a kai wurin gwaji a duba ko an yi wa dabbar allurar ƙara ƙarfi.

I, fitsari na ce, ku yi dariyarku ku gama. Na daɗe ina rubuta labaran tsere, na yabi mahaya, na yabi masu dawaki har da waɗanda ba su san gaban doki da bayansa ba. Yanzu da Baba zai ajiye sanda, shi nake so mu tsaya a kansa.

Abin da ya fara kai ni ɗakinsa tambaya ce: yaya ake sa doki ya yi fitsari? Ba ka iya roƙonsa, ba ka iya yi masa tsawa. Baba ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake shan ruwa.

"Fito ake yi masa, ɗana."

Ashe masu kiwon dawakin tsere tun suna duƙusai suke saba musu. Duk sanda doki ya tsaya fitsari, mai kula da shi sai ya yi fito, yau da gobe har dabbar ta haɗa abin biyu. To amma kowace barga da irin nata fiton. Wani dogo ne mai lanƙwasa, wani gajere-gajere kamar kiran kaji. Duk suna cikin kan Baba. Matarsa ta ce da ni ta hana shi gwada fito a gida, don jikokinsu sun fara jiƙa mata katifa.

Me ya sa ake wannan wahala? Da can, masana doki ido suke amfani da shi: su dubi ƙirji, su shafa ƙafa, su ce wannan zai yi gudu. Da allurar nan ta shigo, sai ƙirji ya koyi ƙarya. Doki ya kumbura da nama cikin 'yan watanni, ya ci tsere, a saye shi don iri, 'ya'yansa su fito ba su da komai. Wani kuma ƙafa ta gaza ɗaukar naman, ta karye a tsakar fili. Na taɓa tambayar Baba ko yana gane mai allura da ido.

"Ni ban san doki mai gudu ba," ya ce. "Wanda ya yi fitsari na sani, da wanda bai yi ba."

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami, likitan dabbobi na filin ne ya fara ba ni, ita kuma mai abin ta yarda in rubuta. Mace ce da ake kira Uwar Barga. Mijinta mai horar da dawaki ne, da ya rasu ta riƙe bargar tare da ƙaninsa. Suna da wata goɗiya ƙarama, siririya, wadda marigayin ya yi rainonta da hannunsa. Uwar Barga ta yi doguwar jinya a asibiti, ƙanin mijin ya ci gaba da horo shi kaɗai. Ba ta daɗe da dawowa ba aka yi babban tsere, goɗiyar nan ta wuce manyan ingarmu kamar an ɗaure su. Tun kafin mahayi ya sauka, rumfuna suka ɗauki magana ɗaya: allura ce.

Aka kawo ta ɗakin Baba. Ya yi fiton da ƙanin mijin ya koya masa, shiru. Ya ba ta ruwa, ya zagaya da ita, ya sake, shiru. Rana ta yi sanyi, fili ya watse. A ƙa'ida, in an jira har an gaji, likita yana iya sallamar doki, nasara kuma ta zauna. Likitan ya ce shi kam ya fara neman makullin motarsa.

Sai Uwar Barga ta matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, don Allah ka bar mu mu tafi."

"Tsoron me kike yi, 'yata?"

"Ba na nan wata da watanni. Ban san abin da aka ba ta ba."

Wato ita ma zargin ya shige ta. Ƙanin mijin nan abokin wasanta ne tun tana amarya, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba, amma tun da goɗiyar ta fara gudun ban mamaki a wajen horo, sai gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu. In gwaji ya nuna allura, an rufe bargar, kuma ta rasa ɗan'uwa.

"In kika fita yanzu," in ji Baba, "kofin tsere naki ne. Amma kullum kika zuba wa yaron nan abinci, da wannan tunanin za ki zuba. Marigayi yaya yake yi mata fito?"

Ta ce ita ba ta iya fito ba. Ya ce ta rera da hanci. Ta rera. Baba ya saurara, ya jiƙa leɓe, ya kwaikwaya. Likitan ya ce goɗiyar ta ɗaga kunnuwa, ta juya tana duban ƙofa, ta yi wata 'yar haniniya, tana neman mutumin da ba zai shigo ba. Can ta buɗe ƙafafu. Baba ya miƙa sandarsa a hankali, Uwar Barga kuwa ta juya ga bango tana kuka. Ni da aka ba ni labari ma sai da idona ya cika.

Sakamako ya fito, babu komai a jikinta. Gudun nata ne, da aikin wanda ya horar da ita.

Baba, kai ne mai haƙurin da ba a tafa wa. Kai ne ka tsaya cikin zarni shekara da shekaru don kada a kira mai gaskiya maƙaryaci. Mutane suna zaton aikinka kama masu laifi ne, kuma ka kama su, babu wanda ya taɓa jin ka yi wa kwalba wasa. Amma waɗanda ka wanke sun fi yawa, su ne dai ba a bugawa a jarida. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya bar maka haƙoranka don fiton. Ku kuma masu tasowa, duk wanda aka ba aikin da ake toshe wa hanci, ya je ya zauna da Baba tun yana da ƙarfin koyarwa.

Uwar Barga ta ce ranar da sakamakon ya iso ta tarar da ƙanin mijin yana wanke wa goɗiyar kofato. Ta durƙusa a gabansa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta ce ya yafe mata. Ya saki soso, ya dube ta a tsorace.

"Matar Yaya, laifin me?"