Itacen da Rabo Ya Sara Don Ramin Balkisu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu 2025, ina cikin layin kamiyo, manyan motocin kaya, a bakin gadar Malanville aka kira ni a waya, aka ce aminina Malam Rabo mai garka ya rasu a gidan likita na Gaya, bayan wani zazzaɓi da duk muka raina. Na bar mota da kayanta a hannun abokin tuƙina. Har yau ban san yadda na iso gida ba.

Rabo, shekara nawa na yi ina yi maka tsiya? Garkar da ka gada faƙo ce, ko tsidau ba ya son fita a cikinta. Sai ka shiga haƙa dogayen ramuka kana jera itace a ƙasa, ka bi da ƙananan rassa, da ganyen mangwaro, da kashin shanu, da ɓuntun shinkafa, kowace shimfiɗa ka yayyafa mata ruwa, sannan ka rufe da ƙasa. Ni na laƙaba maka "mai jana'izar itace", sunan ya bi ka har kasuwa. Matarka Hajjo kuwa ta sha kawo mini ƙararka, wai ita tana neman na girki, kai kana binnewa. Kai dai sai murmushi. Ka ce itacen yana shan ruwan damina ya riƙe wa shuka har rani, ƙasa kuma rai gare ta, in ba a ci da ita ba ba za ta ci da kowa ba.

Ban yarda ba sai ran da ka kama hannuna ka cusa shi cikin tsohon raminka, tsakiyar bazara. Na ji sanyi, na zaro ƙasa baƙa ƙirin tana motsi da tana. Tun daga nan, in na dawo daga Yélou ba na zuwa maka hannu wofi, sai da buhunan kashin shanu. Matan garin Tanda suna zuwa koyo, ka sallame su da dashen tumatir da na salati. Ban taɓa jin ka ce wa wani kana da aiki, ya dawo gobe ba.

Bara 'yarka Balkisu ta rasa mijinta, ta dawo gida da marayu. Ka ce ba ka son ta zauna tana duban hannun kowa. Ka yanka mata gefen garkar da ya rage faƙo, ka haƙa rami, ka sassare rassan dogon yaro ka jingine su a bakinsa. Ka ce mini lalle a rufe shi kafin ruwan farko, in ba haka ba ramin ya cika ya zabge, shekarar nan ta wuce ta. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da kai.

A maƙabarta, da aka sa ka a makwancinka, itacen rufewa ya gaza. Wani ya tuna da na garkarka, aka je aka kwaso. Na gane saran gatarinka a jikinsu. Aka jera su, aka bi da ganye, aka bi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rabo, ni da na sa maka wancan suna, a nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan sadakar uku hadari ya fara haɗowa ta gabas. Balkisu ta durƙusa gabana a zaure, ta ce, "Baba Mutari, ramin yana buɗe. Itacen kuma Baba ya tafi da su."

Sai Hajjo, da take cikin takaba, ta sa aka kira ni bakin ƙofar ɗakinta. Ta ce a kwashe duk itacen girkin da ta tara don damina, a kai garka.

Na ce, "Hajjo, da me za ki yi girki?"

Ta ce, "Ku dai binne. Wannan karon ba zan kai ƙararsa ba."

Mun rufe ramin, Rabo, ni da maƙwabtanka, Balkisu tana nuna mana abin da ke bin wani yadda ta gani a hannunka. Ruwan farko ya same shi a rufe. Na tsaya a garkar na jiƙe sharkaf, ina ta juyawa in gaya maka, babu kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya maka shi kamar yadda ka sanyaya wa ƙasa. Duk abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga garkar nan, Allah Ya sa ladansa ya iske ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajjo, da Balkisu da marayunta, da dangi na Gaya da na ƙetaren kogi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.